Mai zanen kwalabe da attajiran da suka yarda su jira shi

 Yau filin namu zai ɗan huta da maganar kwastan da canjin kuɗi, ya leƙa Italiya, ƙasar da yawancinmu muka sani ta wajen takalmi da jaka da tayil. Akwai wani mutum a can da ya shafe shekara hamsin yana zana kwalabe da butoci da gwangwanaye. Waɗanda suka riƙe shi yana raye, suka kuma riƙe sunansa bayan ya mutu, da yawansu 'yan kasuwa ne irinmu: mai sayar da kofi, mai shigo da auduga, ɗan mai cuku. Yadda cinikinsu ya gudana shi ya ja hankalina, don ban taɓa jin inda mai kaya ke zaɓar mai saye, mai kuɗi kuma ya tsaya a layi yana godiya, kamar a wajen mutumin nan ba.

Sunansa Giorgio Morandi. An haife shi a birnin Bologna, wanda masu garin ke furtawa Bolonya, ranar 20 ga Yulin 1890, a nan kuma ya mutu ranar 18 ga Yunin 1964. Turawa sun kasa sana'ar zane kashi-kashi. Akwai mai zana fuskar mutum, akwai mai zana daji da gari, akwai kuma wanda zai jera kaya marasa rai a kan tebur, kwano ko tulu ko 'ya'yan itace, ya zauna ya zana su. Mutanen Italiya na kiran wannan na ƙarshen natura morta, wato matacciyar halitta. A da can shi ne ƙaramin cikin sana'ar. Manya su ne masu zana sarakuna da fagen yaƙi, shi kuwa mai zana kwano matsayinsa a gabansu kamar na mai tallar allura da zare ne a gaban mai dilar shadda. To wannan ƙaramin shi Morandi ya zaɓa ya zauna a kai har ƙarshen ransa.

Na san cikin masu karatu akwai wanda da jin kalmar zane zai ɗaure fuska, saboda abin da malamanmu suka faɗa game da surar abu mai rai. A kwantar da hankali. In ka cire 'yan kaɗan daga aikin ƙuruciyarsa, zanen mutumin nan babu mutum babu dabba. Kwalba ce, sai buta, sai fure, sai gidajen wani ƙauye mai suna Grizzana inda yakan je hutu.

Ina ganin ma iyayenmu mata za su riga mu gane shi. Duk wadda ta taɓa yin jere a ɗakin amarya, ta ɗora kwalla a kan kwalla, ta ja da baya ta duba, ta dawo ta matsar da langa ɗaya da faɗin yatsa, ta sake ja da baya, ai ta san aikin da yake yi. Haka yake wuni yana matsar da kwalabensa kafin ya taɓa fenti. Yakan shimfiɗa takarda a kan tebur, ya zagaye gindin kowace kwalba da fensir don kada ya manta inda ta tsaya. Yakan ɓare takardar da ke jikin kwalba, wata ya zuba mata fenti a ciki, wata ya shafe ta ta waje don ta daina ƙyalli. Ƙura ma ba a share ta daga jikinsu, don ƙurar tana cikin launin da yake nema. Launukan nasa kuwa duk masu sanyi ne, ruwan toka da ruwan ƙasa da fari mai dishi-dishi, kamar garin da hazo ya rufe da safe.

Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya mutu a 1909, daga nan iyalin suka koma wani gida a titin Fondazza. Morandi bai yi aure ba. Ya zauna da mahaifiyarsa har ta mutu a 1950, da kuma ƙannensa mata uku, Anna da Dina da Maria Teresa, su ma babu wadda ta yi aure. Ɗakin kwanansa shi ne ɗakin aikinsa, kuma sai ka ratsa ta ɗakin ƙannen kafin ka kai gare shi. Abincinsa yana fitowa daga koyarwa. Ya fara da koyar da zane a makarantun firamare, daga 1930 zuwa 1956 kuma ya zama malami a babbar makarantar zane ta Bolonya, inda yake koyar da yadda ake karta hoto a jikin farantin tagulla a buga shi a takarda. Tafiya ba ta dame shi ba. Mai zanen da ya fi girmamawa Bafaranshe ne, Paul Cézanne, amma ko sau ɗaya bai taka birnin Paris ba. Mu da ƙafarmu ba ta zama wuri ɗaya, wannan kaɗai ya ishe mu mamaki. A tsawon rayuwarsa ya yi zanen fenti kimanin 1,350, akasarinsu ƙanana, ba su wuce faɗin faifai biyu ba.

Yanzu mu zo kan ciniki, inda maganar take.

In ya gama zane ba ya fitar da shi nan take. Sai ya rataye shi a bango tare da 'yan uwansa ya yi ta dubawa, har zuciyarsa ta kwanta. Masu so kuwa sun fi kayan yawa, saboda haka akwai layi. Mutum zai faɗi buƙatarsa ya koma gida ya jira, wani wata da watanni, wani ya haura shekara, kuma ba shi zai zaɓi abin da za a ba shi ba. Morandi ne ke cewa wannan na wane ne, wancan na wane. Wani gidan dillancin zane a Milan mai suna Il Milione yana karɓar wani kaso na aikinsa, sauran kuma yana miƙa wa mutanensa hannu da hannu. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne farashi. A 1948 ya ci kyautar zane a babban baje kolin birnin Venice, a 1957 ya ci babbar kyauta a na São Paulo da ke Birazil, sunansa ya kai Amurka, amma kuɗin da yake karɓa a hannun mutanensa ya tsaya ƙasa ƙwarai da abin da kasuwa ke biya. Wanda ya karɓa a ɗakinsa yau, zai iya kai wa dillali gobe ya ninka kuɗinsa. Wasu sun yi hakan, kuma abin yana ɓata masa rai.

A cikin waɗanda ba su yi hakan ba, labarin Luigi Magnani ya fi tsaya mini a rai. An haife shi a 1906, mahaifinsa attajiri ne da ya yi arziki da noma da sana'ar cuku a yankin Parma da Reggio Emilia, shi kuma ɗan ya zama masanin kiɗa, yana koyarwa a Roma. Sun haɗu da Morandi a 1940 a garin Salsomaggiore, ta hannun wani masanin zane abokinsu, Cesare Brandi. Magnani matashi ne mai kuɗi, ya saba ya faɗi abin da yake so a yi masa. Da yake shi mai son kiɗa ne, sai ya nemi a zana masa kayan kiɗa. Bai tsaya nan ba, ya kwaso nasa masu tsada ya kai: wani tsohon molo irin na Turai da sarewa 'yan Indiya. Morandi bai ce masa a'a ba, amma kayan sun yi masa nauyi a ɗaki, sun fi ƙarfin teburinsa ƙawa. Sai ya tafi kasuwar tsofaffin kaya, irin ta 'yan gwangwan, ya samo 'yan kayan kiɗa marasa daraja, har da na wasan yara, ya jera su, ya zana. A 1941 aka gama. Da Magnani ya zo karɓa, ya tarar babu molonsa a ciki, babu sarewarsa.

Ku tsaya nan ku tambayi kanku. Ka ba tela shadda mai tsada, ka dawo ka tarar ya ajiye ta gefe ya ɗinka maka riga da yadin da ya tsinto a gwanjo. Me za ka yi? Ni na san da yawanmu sai an kira sarkin kasuwa. Magnani ya karɓi zanen. Ya gane cewa ya nemi abin da ba a nema a wajen mutumin nan, kuma daga ranar bai ƙara ce masa zana mini kaza ba. Abin da aka miƙo masa shi yake karɓa. Abotar ta ɗore fiye da shekara ashirin, har mutuwa ta raba, Morandi da ba ya son fita yakan je gidan gonar Magnani da ke Mamiano kusa da Parma su ci abinci. Aikin Morandi guda 50 suka taru a hannunsa, 17 daga ciki zanen fenti, sauran na fensir da na ruwa da na bugu. A 1982 ya rubuta littafi a kan abokin nasa, ya mutu a 1984, ya bar gidan da duk abin da ke ciki a matsayin wakafi da sunan iyayensa biyu, Magnani da Rocca. Tun 1990 ƙofar take buɗe ga kowa. Zanen kayan kiɗan nan yana can a rataye.

A ganina duk dangantakar tasu a ranar nan aka ƙulla ta, ranar da mai kuɗi ya yarda kuɗinsa na sayen kaya ne, ba na koya wa mai sana'a sana'arsa ba. Mu 'yan kasuwa muna da wannan ciwon. Da zarar aljihu ya yi nauyi, sai mutum ya tsaya a kan baduku yana nuna masa inda zai soka basilla, ko ya ce wa mai ɗinkin babbar riga ya ƙara wa aska takwas ɗinsa wani abin da ya gani a waya. Mai sana'a zai yi maka, don yana son kuɗinka. Amma aikin da ya fi so, wanda ya zuba ransa a ciki, ba kai zai kira ba in ya gama shi. Akwai wanda yake ajiye wa.

Na biyu shi ne Lamberto Vitali, mutumin Milan, wanda aka haifa a 1896 a gidan masu fataucin kofi. Shi ma ya saya ya tara, amma babban abin da ya yi wa abokinsa aikin alƙalami ne. A 1957 ya fitar da kundin da ya lissafa duk hotunan bugun Morandi. Bayan mutuwar mai zanen da shekara 13, wato a 1977, ya fitar da wani babban kundi juzu'i biyu wanda ya bi zanen fentin ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowanne lamba, da shekarar da aka yi shi, da girmansa, da hannun da yake ciki. Ku yi tunanin wahalar. Kusan duk zanen sunansu ɗaya ne, natura morta, kwalaben kuma su ne dai jiya su ne yau. In babu mai lissafi, ta yaya za a bambanta na gaske da jabu, bayan farashi ya tashi kuma masu kwaikwayo sun farka? Har gobe in za a yi gwanjon zanen Morandi a Landan ko New York, sai an rubuta lambar Vitali a gefensa, kamar yadda muke duba lambar kwantena a jikin takardar kaya. Ban yi mamaki ba da na ji daga gidan fatauci ya fito. Wanda ya tashi yana ganin ana ƙirga buhu ana rubutawa, shi ya san kayan da ba a shigar a littafi ba, ɓatattu ne ko da suna cikin sito. Vitali ya rayu har 1992, ya bar wani ɓangare na tarinsa ga gidan adana zane-zane na Brera a Milan.

Akwai wasu biyu da zan ambata a gurguje. Emilio Jesi shi ma ɗan kasuwar kofi ne, bayan mutuwarsa matarsa Maria ta miƙa tarinsu ga Brera ɗin nan a 1976 da 1984. Gianni Mattioli kuwa auduga yake shigowa da ita, ya tara tsofaffin aikin Morandi na farko-farko, kuma yakan buɗe wani gidansa a Milan ranar Lahadi da safe don duk mai son kallo ya shigo.

Me ya sa sayar da zanen yake ɓata wa Morandi rai, alhali an biya shi kuɗin da ya yanka da bakinsa? A shari'ar kasuwa ai wanda ya saya ya mallaka, ya ga dama ya ajiye, ya ga dama ya sayar. Na daɗe ina juya tambayar nan, kuma abin da ya warware mini ita a rumfata ya faru. Kun san sana'ata kwanuka ce da kuloli da sauran kayan ɗaki. Shekarun baya wani mutum da muke sallah a masallaci ɗaya ya zo mini da maganar auren 'yarsa, ya ce hannunsa ya yi gajere, bikin kuma ya matso. Na fitar masa da saiti uku na kula da tukwane, na ce ya ba ni kuɗin sari da kuɗin mota kawai. Bayan kwana biyu ina wucewa ta layin da ke bayan namu, sai ga katan ɗina a gaban wata rumfa, da alamar da nake yi da jan alli a kusurwa. Ban yi asarar ko sefa ɗaya ba, uwar kuɗina ta dawo. Amma na yi kwanaki abin yana cina. Ragin da na yi ai ba nasa ba ne, na yarinyar ne, don ta shiga ɗakin miji da mutunci. Shi kuwa ya ɗauki ragin ya mai da shi riba ya zuba a aljihu. Kaya ya saya, wannan gaskiya ne, amma abin da ke tsakanin farashina da na kasuwa amana ce na ɗora masa.

To haka na fahimci arhar Morandi. Abin da ya bari bai karɓa ba, shi ne kuɗin da ya biya don zanensa ya zauna a gidan wanda zai dube shi kullum, ba a hannun wanda zai jefa shi kasuwa ba. Mai saye ya biya rabi da kuɗi, rabi da alƙawarin da ba a rubuta ba. Shi ya sa yake zaɓar mutum kafin ya miƙa kaya.

Sai dai kada wani ya tashi daga karatun nan ya ce na ce a zama Morandi. Ba zai yiwu ba, kuma ba daidai ba ne. Mutumin nan yana da albashi duk wata. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba ya biyan kuɗin makaranta, babu hayar shago, babu katin zama da za a sabunta, babu dangi a gida masu jiran aike in azumi ya kama. Ɗan kasuwa mai 'ya'ya takwas da zai riƙa karya farashi don a ce masa mutumin kirki, haƙƙin iyalinsa yake rabawa a titi. Mun ga irinsu, sun ƙare da suna mai daɗi da rumfa babu kaya, waɗanda suka ci arhar kuma su ne farkon masu canza hanya in sun hango su.

Su ma attajiran nan ba waliyyai ba ne. 'Yan kasuwa ne, sun san abin da suke riƙe da shi yana tashi kowace shekara. Wani zai iya cewa sun ci da gumin bawan Allah, sun ba shi kuɗin goro sun kwashe dukiya. A watan Mayun 2018, da aka yi gwanjon kayan attajirin Amurka David Rockefeller a New York, zanen Morandi guda ɗaya, na 1940, ya haura dala miliyan 4. Zane ɗaya fa, wanda za ka iya saƙale shi a hammata. Wannan zargin yana da nauyi, ba zan share shi da hannu ɗaya ba. Da ni ne Magnani, da na matsa wa abokina ya ƙara kuɗi, ko don ƙannensa. Amma in za a yi musu hukunci, a duba abin da suka yi da kayan. Sun riƙe su shekara talatin, arba'in, farashi yana kiransu ba su amsa ba, a ƙarshe Magnani da Vitali da iyalin Jesi suka bar su inda ɗan talaka zai shiga ya kalla. Riba ta zo har ƙofar gida, ba su karɓe ta ba. Wannan shi ne cika rabin da ba a rubuta ba.

Abin da ya sa na ɗauko dogon labarin nan, wani abu ne da nake gani a rumfunanmu yanzu, kuma da samarinmu nake. Kakanninmu fataken goro da suka yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja, kowanne yana da maigidan da yake sauka wajensa a zango. Maigida zai ajiye masa huhu mai kyau ko da wani ya taya sama da haka, shi kuma bafatake ba zai sauka gidan wani ba ko an yi masa ragi. Ɗa ya gaji abokin cinikin uba kamar yadda yake gadon gona. Yau kuwa yaro yana zaune a rumfa da waya a hannu, ya ɗora hoton kaya a WhatsApp, duk wanda kuɗinsa ya riga shigowa shi ne mai kaya. Wata baiwar Allah da ta shekara goma sha biyar tana saye a wajen ubansa, ta bugo tun jiya ta ce a ajiye mata, ta taso tun asuba daga ƙauye, ta iso ta tarar an sayar saboda wani ya ɗora jaka biyu a kai. In ka yi magana yaron ya ce maka, Baba ai kasuwa ce.

Kasuwa ce, ban musa ba. Amma mu na Kwatano ba mu manta watan Agustan 2019 ba, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Wata goma sha shida kaya na jibge, ƙura na hawa kansu kamar kwalaben Morandi. Masu ɗora jaka biyu duk sun ɓace, wayarsu ma ba ta shiga. Waɗanda suka riƙa zuwa suna ɗaukar kula ɗaya, tukunya biyu, suna rage tsohon bashi da kaɗan-kaɗan ba tare da an bi su ba, su ne tsofaffin nan da aka saba ajiye wa kaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni dai da su na biya haya a shekarar nan.

Ba kowane kaya ba ne na ajiyewa, ba kuma kowane mai saye ba ne na jira. Morandi ma yana da gidan dillancin da ke sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi. A littafina akwai shafi ɗaya a can baya mai sunaye goma sha ɗaya. Waɗannan in kaya mai kyau ya sauka su ake fara bugawa, in sun ce a ajiye an ajiye ke nan har kwana bakwai ko wa ya taya, kuma farashinsu daban ne. Sauran littafin duk kasuwa ce, a yi ciniki a ci riba. Shiga shafin nan yana ɗaukar shekaru, fita kuwa katan ɗaya ne a rumfar wani. Mutumin masallacinmu muna gaisawa har yau, in ya zo saye ina sayar masa a farashin kowa. Na nuna wa babban ɗana shafin, na ce masa ko bayan raina kada ya yage shi. Ya ce to, amma na ga idonsa yana kan waya, saboda haka na sa mahaifiyarsa ta kwafi sunayen ta ajiye a ɗakinta.

Shi ma Morandi mace ce ta kammala masa lissafi. Ƙaramar ƙanwarsa Maria Teresa ta rayu shekara talatin bayansa, tana riƙe da zanen da suka rage a gida, a lokacin da ko ɗaya ta fitar zai ishe ta har ƙarshen rayuwa. A 1991 ta ba birnin Bolonya su kyauta, a 1993 aka buɗe gidan adana aikinsa, ta mutu a 1994. Gidan titin Fondazza ma an gyara shi an buɗe wa masu ziyara a 2009, gadon yana nan, teburin yana nan, kwalabe da gwangwanayen da ya zana suna nan a jere. 'Yan uwa masu zuwa Milan sarin takalmi, daga can zuwa Bolonya tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a jirgin ƙasa mai gudu. Wanda Allah ya kai, in an yarda a ɗauki hoto, ya ɗauko mini na teburin nan ya turo ta hannun edita, ina so in ga zagayen fensir ɗin da idona.